Proto2 ko proto3: amsa ga mai haɗa manhajar bankunan cimaka

Assalamu alaikum ƴan zaure. Ƙanena mai tambayar daren jiya, ga amsarka, ka yi haƙuri da tsawonta. Ga wanda bai gani ba, yana haɗa manhajar salula ne wadda masu kula da bankunan cimaka na ƙauyuka, daga wajen Tanut har Magarya, za su riƙa aiko da lissafin buhunan gero da dawa da suka rage zuwa sabar da ke nan Damagaram. Ya zaɓi Protocol Buffers, tsarin Google na ƙulla bayanai don aikawa tsakanin na'urori, saboda saƙonsa ba nauyi, reso kuwa a ƙauye sai a hankali. Wanda ya fara aikin ya bar masa fayilolin proto2, darussan da yake gani a intanet kuma kusan duk na proto3 ne, wato sigogi biyu na nahawun rubuta fayilolin da ke bayyana siffar saƙo. Shi ne yake tambaya mene ne bambancinsu, kuma ya sauya ne ko ya bari.

Ka fara kwantar da hankalinka da wannan: yadda ake ƙulla saƙo ya zama bayit bai canza ba. Gurbi, wato wurin sa bayani ɗaya a cikin saƙo, mai lamba 1 da ke ɗauke da 150 bayit uku yake fita, 08 96 01, ko da wanne ka rubuta. Sunan gurbi ba ya tafiya cikin saƙo, lambarsa ce ke tafiya. Saboda haka salula mai proto2 da sabar mai proto3 za su fahimci juna muddin lambobi da nau'o'in gurabe sun dace. Abin da ya bambanta shi ne dokoki, wato abin da fayil ya yarda ka rubuta da abin da kod ɗin da protoc, shirin da ke mayar da fayil ɗin kod, ya fitar zai bari ka tambaya.

Google ya fara amfani da abin a cikin gida tun 2001, ya sake shi ga kowa a Yulin 2008, shi ne proto2. Fitowa ta 3.0, wadda ta kawo proto3, ta zo a Yulin 2016 da niyyar rage kaya. Wasu kayan da aka zubar sun cancanci zubarwa. Guda ɗaya bai cancanta ba, kuma shi ne ya fi shafar aikinka: sifiri.

A proto2 kana rubuta `optional int32 buhunan_gero = 3;`. In mai kula da banki ya sa 0, salula na aika bayit biyu, 18 00, sabar kuma na iya tambaya ko an cika gurbin, da `hasBuhunanGero()` a Java ko `HasField` a Python. A proto3 na asali `int32 buhunan_gero = 3;` kawai ake rubutawa, kuma in ƙimar ta zama 0 ba a aika komai. Mai karɓa ya duba, bai ga gurbin ba, sai ya ɗauka 0 ne. Babu hanyar tambaya. A Python ma in ka kira `HasField` a kan irin wannan gurbi kuskure zai jefo maka.

To kawo wannan cikin watan Agusta, hatsin bara ya ƙare, sabo bai nuna ba. Ƙauye ɗaya rumbu ya koma wayam, mai kula ya sa 0. Ƙauye na biyu mai kula ya ƙirga dawa ya cika, gero kuwa bai ƙirga ba don mai maƙullin ɗakin ya tafi cin kasuwa. A allon ofis duka biyun 0 za su nuna. Wanda ya fi wannan muni shi ne wajen sabunta lissafi. A ce tsohon bayani na cewa buhu 40, sabon saƙo ya zo da 0, kai kuma ka haɗa su da `MergeFrom`. Tunda sifirin bai shigo cikin saƙon ba, babu abin da zai goge 40 ɗin. Ofis na ganin buhu 40 a ƙauyen da ko tiya ɗaya babu, kuma ba wani jan rubutu da zai fito ya gargaɗe ka. Labarin da ya fi kowanne gaggawa a tsarinka shi ne daidai wanda proto3 na asali ya ga bai kai a aika ba.

Shekaru mutane na kewaye-kewaye, wasu su naɗe lambar cikin `google.protobuf.Int32Value`, wasu su yi `oneof` mai gurbi ɗaya tal. Daga baya Google ya yi amai ya lashe: `optional` ya dawo proto3 a matsayin gwaji a 3.12 cikin 2020, ya tabbata a 3.15 a Fabrairun 2021. Yau in ka rubuta `optional int32 buhunan_gero = 3;` cikin fayil na proto3, kana samun abin da proto2 ke ba ka tun farko. Darussan da ba su ambaci haka ba galibi an rubuta su ne kafin lokacin, ka riƙa duba kwanan wata.

A kan `required` kuwa ina bayan proto3 ɗari bisa ɗari. A proto2 in gurbin da aka ce dole ne ya ɓace, saƙon gaba ɗaya ake ƙi. Kai da salulolinka ke warwatse a ƙauyuka, wasu sai wanda ya shigo gari ya samu kuran da reso kafin ya sabunta manhaja, ba za ka taɓa samun ranar da kowa ke kan siga ɗaya ba. Ranar da ka ƙara gurbi na dole a sabar, duk tsofaffin saluloli sun zama bebaye. In akwai `required` cikin fayilolin da ka gada, mayar da su `optional`, amma bi da bi: masu karanta saƙo su fara sauyawa, wato sabar, sannan masu aikawa su daina cikawa in sun ga dama. Binciken cewa dole a sa sunan ƙauye ka yi shi cikin kod ɗinka, inda za ka iya mayar wa mutum amsa da Hausa.

Akwai wani tarko da ba a cika faɗa ba. Proto2 na bari ka rubuta `[default = 100]`, misali a gurbin nauyin buhu, wanda bai cika ba a ɗauka kilo 100 ne. Wannan 100 ɗin a fayil take zaune, ba ta cikin saƙo. Proto3 ya cire wannan damar, gurbin da ba a cika ba in na lamba ne 0 ne, in na rubutu ne fanko ne. In ka sauya nahawu ba ka lura ba, duk tsofaffin bayanan da ka ajiye ba tare da nauyi ba za su karantu da kilo 0, ka ninka da yawan buhuna, ka ga abin da zai fito.

Jerin zaɓi, wato `enum`, shi ma halinsa daban. Na proto2 a rufe yake: ka ƙara WAKE a salula, tsohuwar sabar ba ta san lambar ba, sai ta ture ta gefe cikin guraben da ba ta gane ba, in ka tambayi gurbin ta ba ka zaɓin farko na jerin. In na farkon GERO ne kuma ba ka duba ko an cika ba, wake ya shiga lissafin gero ke nan. Na proto3 a buɗe yake, yana riƙe lambar yadda ta zo, Java ta ce maka `UNRECOGNIZED`. Kuma proto3 ya wajabta zaɓin farko ya zama 0. Ko a proto2 ina ba ka shawara ka sa wani abu kamar `BA_A_FADA_BA = 0` a layin farko, in dai ba a riga an ba wani hatsi lambar 0 ba. In an bayar, kada ka taɓa lambobin.

Sauran ba sai mun daɗe ba. Daga 3.0 zuwa 3.4 proto3 na zubar da guraben da bai gane ba, 3.5 ta gyara haka a ƙarshen 2017. An cire `group`, an kawo `Any` a madadin `extensions`. Jerin lambobi yanzu a cushe yake fita ba sai ka nema ba, masu karatu kuma na gane salon biyu. Proto3 na tantance cewa rubutu UTF-8 ne; ƙ, ɗ, ɓ da ƴ lafiya lau suke wucewa, amma tsohon shirin da ke cusa é na faransanci da tsarin Windows-1252 zai sa a ƙi saƙon. In za ka fitar da JSON don shafin ofis, ka sani `int64` a matsayin rubutu yake fita, kuma can ma sifirin gurbin da ba `optional` ba ɓoye shi ake yi sai ka nemi a nuna.

Kada ka haɗa nahawun fayil da lambar laburare, abu biyu ne. protoc na yau na sarrafa proto2 da proto3 duka, fayil da ba shi da layin `syntax` kuma proto2 ake ɗaukarsa. Lambobin ne suka rikita mutane a 2022, lokacin da aka tsallaka daga 3.20 zuwa 21, na Python ya zama 4.21, Java ta tsaya a 3 har sai 4.26 a 2024. In sabarka Python ce ka ga «Descriptors cannot be created directly», ba proto2 ne ya mutu ba, kod ɗin `_pb2.py` ne aka fitar da tsohon protoc. Sake fitar da shi da protoc 3.19 ko sama. Mayar da laburaren Python zuwa 3.20 na tsayar da kukan, amma jinkiri ne kawai. Ka rubuta lambar fitowa takamaimai a Gradle da `requirements.txt`, kada laburaren da ke gudana ya fi protoc da ya fitar da kod ɗin tsufa, a Android kuma ka ɗauki `protobuf-javalite`.

Za ka ci karo da `edition = "2023"` ma, sabon salon da ake rubutawa a madadin layin `syntax`, wanda ya zo da protoc 27 a 2024. Ya ɗauki sanin an cika ko ba a cika ba daga proto2, ya ɗauki buɗaɗɗen `enum` daga proto3. Nan aka dosa, amma ni ban ga abin da zai sa ka yi gaggawa ba.

Da ni ne, fayilolin da ka gada in bar su a proto2, in cire `required`, in gyara jerin zaɓi. Sababbi in rubuta da proto3, duk gurbin da sifiri ke da ma'ana a cikinsa in sa masa `optional`: yawan buhuna, kuɗin da ya rage a asusu, bashin da ake bin mutane. Fayil na proto3 na iya ɗauko saƙo daga na proto2, sai dai ba ya iya amfani da `enum` ɗinsa kai tsaye, to ka lura da wannan wajen raba su. Gurbin da ka cire ka sa lambarsa a `reserved`, kada wani ya zo ya ba wa wani abu ita alhali tsofaffin saluloli na nan na aiko da tsohuwar ma'ana.

Kafin manhajar ta bar gari, ajiye 40 a sabar, aika 0 daga salula, duba abin da allo ya nuna. Sannan aika saƙon da ba a cika gurbin ba sam. In sakamakon biyu ya fito iri ɗaya, turo fayil ɗin nan zaure mu duba tare.