Kamfanin jigilar da ke fitar min da riɗi: akwai tsada amma ba rufa-rufa

Masu tambaya ta inbox a kan ejan ɗin da nake aiki da su, ga ra'ayina, sunan dai ba zan kama ba kar a ce talla nake.

Gaskiya kuɗinsu ya ɗara na wasu, amma lissafin da suke turowa a warware yake, kuɗin mota zuwa tashar jirgin ruwa daban, lodi daban, feshin maganin ƙwari a kwantena daban, takardar lafiyar amfanin gona daban, kuɗin jirgi daban, ladansu ma a rubuce. Wanda ya taɓa faɗawa hannun masu cewa "kawo kaza mu gama maka komai" ya san me nake nufi, sai kaya sun shiga tasha sannan a fara kiranka wai an manta kuɗin kaza, kai kuma ka riga ka yanka wa mai saye farashi, to daga ina za ka ciro? Daga ribarka mana.

Inda suka fi burge ni shi ne bayanin FOB da CIF, wato tsarin farashi biyu na sayar da kaya waje: a FOB nauyinka ya ƙare da zarar kaya sun hau jirgi, mai saye ne da kuɗin jirgi, a CIF kuwa farashin ya haɗa da kuɗin jirgi da inshora har tashar mai saye. Mutane da yawa suna ganin farashin CIF ya fi tsoka sai su ruga, alhali kuɗin jirgi da inshora duk a wuyan mai sayarwa suke, kuma inshorar sai ta kai kashi 110 cikin ɗari na kuɗin kayan, haka dokokin cinikin ƙasa da ƙasa, wato Incoterms na 2020, suka tanada. Ma'aikaciyarsu ta jera min farashin biyu a takarda ɗaya, ta cire wannan ta cire wancan, wallahi abin da ya rage kusan ɗaya ne, kuma kuɗin jirgi yana iya tashi kafin ranar lodi, FOB ba ruwanka da wannan.

Matsalarsu waya. Ranar da kake neman su ido rufe ranar ce ba sa ɗauka, kuma ba su tuna min kwanakin da kamfanin jirgi ke bari ka riƙe kwantena kyauta sun kusa ƙarewa ba, sai da kamfanin jirgi ya fara ƙirga tara kullum da dala. Ejan ɗin sun ɗauki rabin tarar bayan mun yi ta ja-in-ja, rabin kuma ni na biya ina ƙunƙuni.

Zan sake ba su kaya, amma wannan karon sai an rubuta wa zai biya tarar jinkiri kafin buhu ɗaya ya hau mota.