Zakaran Brahma da na saya a Kasuwar Dole: abin da na gani cikin wata bakwai

Kaji tara gare ni a gida, a unguwar Garin Malam cikin Damagaram, duk na gargajiya, kuma da yawansu jikokin zakara guda ne. 'Yan tsakin sai ƙara ƙanƙancewa suke, shi ya sa na yanke shawarar canja iri. Wata Alhamis cikin Nuwamba na je Kasuwar Dole na tarar da wani mai kaji da zakaran Brahma, fari mai baƙin wuya, gashi har yatsun ƙafa kamar ya sa safa. Ya ce jikka 25, wato sefa dubu 25, muka daidaita a 18. Da wannan kuɗi zakarun gida huɗu ko biyar zan kwaso, maigidana ma bai fasa tuna mini ba har yau.

Ban sake shi cikin kajin ranar ba. Shigowar sanyi ne lokacin da annobar nan ta Niwkasil ke share akurki, kuma tsuntsun kasuwa ba ka san da wa ya kwana ba. Na kira malamin dabbobi ya yi masa allurar rigakafi, na barbaɗa masa maganin ƙwarƙwata, ya yi sati biyu shi kaɗai a zaure. Bayan nan na kife shi da babban kwando a tsakar gida kwana uku, suna ganin juna ba mai taɓa wani. Ran na huɗu muka yanka tsohon zakaran, da dare na ɗauki baƙon na ajiye shi cikin akurki.

Da safe uwar garken, wata ja mai faɗan tsiya, ta tare shi a bakin kasko. Kilo huɗu da rabi yake, ita ko ɗaya da rabi ba ta cika ba, amma shi ya ja da baya. Sai da ya kwana biyar kafin ya fara tono yana kiransu su zo su ci. A nan dai ba ni da abin cewa, halinsa lafiya lau. Ba ya bin yara, ba ya haura katanga, cararsa ma ƙasa-ƙasa ce.

Kuskuren farko nawa ne. Ƙwan da suka saka a satin da ya shiga na tara wa mai kwanci, bayan kwana 21 aka ƙyanƙyashe goma, kowanne kamar an tsaga kara da marigayi. Har na ɗaura mayafi zan koma in yi wa mai kajin tas. Malamin dabbobin ya yi dariya ya ce: "Hajiya, kaza tana riƙe irin zakara a jikinta sati biyu, wani lokaci har uku. Ki ci ƙwan yanzu, ki tara na gaba." Da wani ya gaya mini haka tun farko, da ban ɓata kwanci guda ba.

Karo na biyu ƙwai 12 na sa. Ran kwana na goma na haska su da fitilar salula cikin duhu, biyar tas suke ba jijiya ko ɗaya, kuma su ne suka zama bara-gurbi. Da tsohon zakarana da wuya in rasa fiye da biyu. Da na zauna na lura sai na gane dalili. Nauyi ya yi masa yawa, in ya taka ƙananan kajin sai ya zame, ga tulin gashi a gindinsa yana tarewa. Manyan uku kawai yake samu sosai, su kuma bayansu ya soma tsigewa, ɗaya har da rauni. Na rage masa gashin wurin da almakashi, na datse masa farce, na ware ƙananan huɗu na kai su wajen zakaran maƙwabciyata. Kwanci na uku, tara cikin 11 suka fito.

'Yan tsakin kam sun burge ni. Mafi yawansu sun ɗauko gashin ƙafar uban, kuma a wata uku sun kamo yayyensu na gargajiya da suka girme su da wata biyu. Sai dai ci! Dusa da tsakin hatsin da ke kai ni sati, yanzu kwana huɗu ne.

Abin da mai kajin bai ko ambata ba shi ne zafi. Brahma a Amurka aka fitar da irinta, tsuntsuwar ƙasar sanyi ce, ga gashi cunkus ga zanko ɗan ƙarami. Da Afrilu ta kama, zafi ya haura digiri 40, sai ya kwanta gindin randa baki buɗe, fukafukai a sake, ya manta da abin da aka kawo shi yi. Sau uku nake canja masa ruwa a yini, in yayyafa a ƙasan rumfa, a garin da kowa ya san yadda muke da ga-ruwa a bazara. Wata biyu cur ban sa ƙwai kwanci ba.

Wata ƙawata daga Mirya ta tambaye ni ko ta sayi irinsa. Na ce in kajinta ƙanana ne kamar nawa, ta bar jikka 18 ɗinta a lalita, ta jira ruwa-biyun da ke tasowa a gidana. Akwai wani cikinsu mai tsayin uban da zafin naman uwar, duk bazarar nan ban ga ya kwanta gindin randa ba. Shi zan bar wa kajin da ba su haɗa jini da shi ba, uban kuma in damina ta wuce zan mayar da shi Kasuwar Dole.