Kayan Miltenyi na ware ƙwayoyin T na gamma delta, bayan na yi aiki da su

Duk wanda ya taɓa neman ƙwayoyin T na gamma delta a jini ya san ƙarancinsu. Wani ƙaramin rukuni ne na ƙwayoyin T, wato fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. A jinin babban mutum mai lafiya ba su cika wuce kashi 5 cikin 100 na ƙwayoyin T ba. Ni kuma aikin digirina na biyu a kansu yake: yadda suke yawaita idan ƙwayar cutar CMV (cytomegalovirus, wadda kan kwanta a jiki bayan an kamu da ita) ta farfaɗo a jikin masu ɗauke da HIV. Shi ya sa malamina ya sa aka sayo mana TCRγ/δ+ T Cell Isolation Kit na kamfanin Miltenyi Biotec da ke Jamus.

Aikinsa ba wuya. Idan ka raba fararen ƙwayoyin jini da Ficoll, ruwan da ke raba ƙwayoyin jini gwargwadon nauyinsu, sai ka zuba haɗin antibodin da ke manne wa duk ƙwayar da ba gamma delta ba, ka biyo da ƴan ƙananan ƙwallayen ƙarfe, ka tsiyaya cikin bututun da ke jikin maganaɗisu. Tarkacen ya maƙale, waɗanda kake nema su zubo ƙasa ba a taɓa su ba. Wannan ne ya fi burge ni, domin waɗannan ƙwayoyin ba sa jiran a nuna musu cuta ta hanyar MHC, furotin da ƙwayoyin jiki ke nuna alamar cuta da shi, kamar sauran ƙwayoyin T. Da an taɓo mabuɗin da suke gane cuta da shi (TCR) za su iya fara aiki tun kafin ka shirya aunawa.

Wasu abokan aikina sun fi son hanya mai araha, wato a haɓaka su da maganin zoledronate da IL-2, furotin da ke sa ƙwayoyin T su yawaita. Amma manyan nau'o'in gamma delta biyu ne, Vδ1 da Vδ2, kuma wannan hanyar nau'in Vδ2 kaɗai take ƙarawa. Su kuwa masu tasowa a kan CMV galibi Vδ1 ne, abin da likitoci a Bordo ta Faransa suka gani tun 1999 a jikin waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. HIV ma tana rage Vδ2 ta ƙara Vδ1, kuma binciken da aka yi a Ghana ya nuna Vδ1 suna da yawa har a jinin masu lafiya. Idan ka bi hanyar araha a nan, ka zubar da ainihin abin da kake nema. Wannan kayan yana barin nau'in biyu tare.

Sai ka tanadi jini da yawa, domin abin da ke zubowa ɗan kaɗan ne, kuma ka duba tsaftarsa a na'urar ƙirga ƙwayoyi kafin ka ci gaba.

Matsalarmu ita ce sanyi. Ana ajiye shi tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma dillalin da ya kawo mana ya bar akwatin a ofishinsa har ƙanƙarar ta narke. Idan firjinku ba ya kan sola ko inbata, ku gyara wannan kafin ku biya kuɗin.