Dungeons & Dragons Starter Set: wata uku muna bugawa a Tudun Wada, ga yadda na ga faɗan cikinsa

Wata uku kenan da ɗan wan babana ya dawo daga Ingila ya kawo min kwalin Dungeons & Dragons Starter Set ɗin nan na 2014, tun daga lokacin duk Asabar bayan isha'i mu biyar muke zama a zaure mu buga, in an ɗauke wuta mu kunna fitilar waya mu ci gaba. Wasan labari ne, mutum ɗaya ke jan labarin, sauran kowa da jarumin da yake bugawa, dais ke yanke abin da zai faru. A cikin kwalin akwai ɗan littafin dokoki, da littafin labarin Lost Mine of Phandelver, da takardun jarumai 5 da aka riga aka cike, sai dais guda 6 irin na lido amma kowanne da siffarsa, babban cikinsu mai fuska 20. Ba taswirar filin faɗa ba 'yan mutum-mutumi, wannan kam ya ban haushi, sai da muka zana gidaje a bayan kwalin taliya muka sa marafan kwalbar lemo a matsayin mutane.

Faɗan bi da bi ake yinsa. Kowa ya jefa mai fuska 20 ya ƙara makin zafin namansa, wanda ya fi yawa shi ke farawa. In layi ya zo kanka kana iya takawa kamar ƙafa 30 ka kai hari, in abin da ka jefa haɗe da makin harinka ya kai lambar sulken abokin gaba to ka same shi. Zagaye ɗaya sakan 6 ne a cikin labari, zagaye 10 minti 1 kenan. Faɗanmu na farko da goblin 4, wasu ƙananan dodanni, da suka yi mana kwanton ɓauna a hanya ya ci mana kusan minti 40, a labarin kuwa ko rabin minti bai cika ba.

Ƙanina mayen kallon dambe ne, a daren farko ya ajiye dais ya ce "Yaya wane irin faɗa ne wannan, mutum ya tsaya ƙiƙam yana jiran layi a nause shi?" Na daɗe ina juya maganar nan wallahi, kuma na ga ba haka abin yake ba. Ba wanda ke tsaye, duk abin da mu biyar da goblin ɗin muka yi a sakan 6 ɗin nan ɗaya ya faru, layin don baki ne kawai, tunda ba za mu yi magana duka lokaci guda ba. Kuma duk wanda ya taɓa zama gidan dambe ya san yawancin turmi a zagaye da aunawa yake ƙarewa, hannu ɗaya a miƙe yana tarewa, ɗaurarren yana baya yana jiran kafa, sai can ka ji kwab. To jifa ɗaya ta dais duk wannan aunawar ce da naushin da ya biyo baya. Akwai ma dokar da ta burge ni, in ka juya ka bar mutum haka kawai yana da damar kai maka sara kafin ka fice, wannan gaskiyar faɗa ce tsantsa.

Inda yaron ya fi ni gaskiya shi ne makin rai, wato lambar da ke raguwa duk sanda aka sari jarumi, in ta ƙare ya faɗi. Jarumi mai 12 a sare shi har ya rage saura 1, amma ƙarfin saransa na nan daram kamar ba a taɓa shi ba, ya yi hutun awa 8 ya tashi garau. Haba! A dambe naushi ɗaya ya sauka a muƙamuƙi ƙafa ta fara rawa, kowa a fili ya san kisa ya kusa. Dokar dai ta ce makin ba jiki kaɗai ba ne, har da juriya da sa'a, don haka ni da nake jan labarin sai in riƙa cewa ya kauce da kyar, numfashi ya fara sama, garkuwa ta tsage, sai a saran ƙarshe nake ambatar jini. Hakan ya gyara abin sosai amma bai rufe ramin duka ba.

Ɗayar matsalar, wanda yake ƙarshen layi ya ga duk abin da kowa ya yi, ya zauna yana lissafi hankali kwance kamar mai dara, alhali faɗa ruɗewa ne. Ban yi mamaki ba sha, Gary Gygax da Dave Arneson da suka fito da wasan a 1974 daga wasannin yaƙi na jera sojoji a tebur suka taso, irin Chainmail na 1971. Mu dai mun sa tamu dokar, ina ƙirga 10, in ba ka faɗi abin da za ka yi ba jaruminka ya tsaya kare kai kawai layi ya wuce. Ranar da muka fara haka har zufa na ga tana karyo wa abokina da saura maki 2 gare shi.

In kana da wanda zai kawo maka ka saya, ya cancanci kuɗinsa, sai dai Turancin littafin na da ɗan nauyi, dole a samu mutum ɗaya ya zauna ya karance shi tas ya riƙa yi wa sauran bayani da Hausa. Ƙanin nawa har yanzu bai yarda da maganar hutun awa 8 ba, amma shi ke fara shimfiɗa tabarma duk Asabar.