Gargaɗi ga masu shirin ziyartar Machu Picchu a lokacin cunkoso: akwai masu sayar da izinin bogi

Na rubuta wannan ne domin 'yan'uwanmu da Allah ya hore wa halin tafiye-tafiye, musamman mazauna Turai da Amurka waɗanda kan haɗa kuɗi su fita yawon buɗe ido idan sun sami hutu, saboda abin da ya same mu, ni da ƙanena da abokan aikina biyu, a lokacin da muke shirin tafiyar kwana biyar zuwa birnin Kusko da kufan daular Inka a ƙasar Peru. Wani mutum da ya gabatar da kansa a matsayin wakilin kamfanin jagorancin baƙi ya karɓi rabin kuɗin tafiyarmu, sannan ya turo mana takardun izini waɗanda daga baya muka gano cewa shi ya zauna ya ƙirƙire su. Ba zan ambaci sunan da ya kira kansa da shi ba, domin na aro ne, kuma kamfanin da ya fake da shi kamfani ne na gaskiya wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Kafin a gane yadda damfarar take tafiya, wajibi ne a san cewa shiga waɗannan wurare a ƙidaye yake, kuma wannan ƙidaya ita ce jarin ɗan damfara. Machu Picchu, garin duwatsun da aka gina a ƙarni na 15 a zamanin sarki Pachacuti, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1983, yana ƙarƙashin kulawar Ma'aikatar Al'adu ta Peru, kuma a tsarin da aka kafa a 2024 mutum 4,500 ake bari su shiga a rana, a ɗaga zuwa 5,600 a watannin cunkoso. Tsohuwar hanyar ƙafa ta Inka kuwa, wadda ke kaiwa Machu Picchu ta cikin tsaunuka, suke kuma kiranta Camino Inca, ta fi haka tsauri nesa ba kusa ba. Mutum 500 kacal ake ba izinin hawa doguwar hanyar ta kwana huɗu a kowace rana, kuma a cikin wannan adadi har da jagorori da masu dafa abinci da 'yan dako, ta yadda abin da ke rage wa baƙi bai wuce kimanin 200 ba. Ba a yarda baƙo ya bi hanyar shi kaɗai ba, ba a kuma sayar wa mutum izinin kai tsaye, sai ta hannun kamfani mai lasisi. Ranin yankin yana kamawa ne daga Mayu zuwa Satumba, daidai lokacin da mu muke cikin damina, kuma Yuni da Yuli da Agusta su ne ƙololuwar cunkoso, ga Inti Raymi, bikin girmama rana na gargajiyar Inka, a ranar 24 ga Yuni, ga hutun 'yancin kan ƙasar a ƙarshen Yuli. Izinin waɗannan watanni yakan ƙare tun da sauran watanni da dama.

Mu kuwa sai a Afrilu muka fara neman na Yuni. Kamfanoni uku muka tuntuɓa, dukansu suka ce ranakun da muke so sun cika, suka ba mu shawarar ko mu canza rana ko mu canza hanya. Muna cikin wannan damuwa ne ɗaya daga cikinmu ya ci karo da talla a dandalin sada zumunta, mai ɗauke da hotunan baƙi a Ƙofar Rana da ake kira Intipunku, wato mashigar Machu Picchu ga masu bin hanyar Inka, da tambarin wani kamfani sananne, da lambar WhatsApp. Mutumin ya amsa mana cikin 'yan mintuna, da Ingilishi mai tsafta da ladabin da ya wuce misali, ya ce wata tawagar mutum huɗu ta fasa zuwa, don haka yana da izini huɗu a hannu na gajeriyar hanyar kwana biyu, wadda ke farawa daga kilomita na 104 a kan layin dogo ta bi ta kufan Wiñay Wayna. Ya ce zai haɗa mana da kujerun kallon Inti Raymi a kufan Sacsayhuamán da ke gefen Kusko, da jirgin ƙasa, da masauki, duka a farashin da ya yi ƙasa da wanda sauran suka faɗa mana. Sharaɗinsa ɗaya ne, a biya kafin alƙalami cikin sa'o'i 24, domin wai akwai wasu 'yan Jamus da ke jiran guraben.

A wannan magana tasa ta farko ƙaryar take, da mun san ƙa'ida. Izinin hanyar Inka ana fitar da shi ne da sunan mutum da lambar fasfonsa, kuma masu tsaron shinge suna gwada takardar da fasfon kafin su bar kowa ya wuce. Ba a sauya sunan da ke kan izini, ba a miƙa shi ga wani, kuma idan mai shi ya fasa tafiya kamfani ba ya da ikon sayar da gurbinsa ga wani baƙo. Saboda haka duk wanda ya ce maka yana da izini a ajiye, ko wasu sun fasa zai ba ka nasu, ko yana da mutum a ofis da zai buɗe masa gurbi, ka tabbata ko dai zai cinye kuɗinka ne, ko kuma zai tura ka gaban shinge da takardar da ba ta ɗauke da sunanka. Tikitin shiga Machu Picchu shi ma da sunan mai shi da lambar fasfonsa yake fitowa, da rana da sa'ar shiga. Wanda ya san yadda wasu ejan-ejan a gida suke cinye kuɗin maniyyata da sunan kujerar Hajji ta bayan fage ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin salon ɗaya ne: abu ya yi ƙaranci, mai nema ya matsu, sai wani ya fito ya ce shi yana da ƙofar da sauran ba su sani ba.

Mun tura kuɗin zuwa asusun da ya ba mu, wanda ke ɗauke da sunan mutum maimakon sunan kamfani, kuma da muka tambayi dalili sai ya ce asusun akawunsu ne, ana yin haka ne don a rage mana cajin banki. Na ji ɗar a raina, amma ban tsaya ba, kuma wannan laifina ne ba na kowa ba, tunda ni ne babba a tafiyar. Bayan kwana biyu ya turo takardu huɗu masu tambarin gwamnati da lambobi da sunayenmu. Sai da muka yi mako guda muna murna kafin ƙanena ya lura da cewa har zuwa ranar da takardun suka iso babu wanda ya tambaye mu lambar fasfo. Da muka yi masa maganar, sai ya ce mantuwa ce, mu turo hoton shafin farko na fasfunanmu a gyara, kuma a cikin saƙon nan ya ƙara da cewa gwamnati ta ƙara kuɗin shiga, don haka yana buƙatar cikon kuɗin gaba ɗaya kafin ƙarshen mako. Biyu daga cikinmu sun riga sun tura hoton fasfo kafin mu farga, abin da har yau yake damunmu fiye da kuɗin, domin ba mu san inda hotunan suka ƙare ba.

Abin da ya tona asirin bai da wuya ko kaɗan. Mun nemo lambar wayar kamfanin da ya ce yana wakilta daga wata hanya dabam, ba daga tallan ba, muka kira ofishinsu da ke Kusko. Matar da ta ɗauki wayar ta ce ba su da ma'aikaci mai wannan suna, ba su da rajistar tawagarmu, kuma ba mu ne na farko da suka kira da irin wannan koke ba. Da muka jera adireshin shafinsu da na mutumin, sai muka ga bambancin harafi ɗaya ne tak, hotuna da rubutu kuwa duk ya kwashe su yadda suke. Ranar da muka nemi ya dawo mana da kuɗinmu ya toshe lambobinmu huɗu. Bankina ya ce tunda ni da kaina na yi turawar zuwa asusun mutum, babu abin da zai iya yi, alhali da da katin banki na biya wa kamfani da akwai hanyar shigar da ƙorafi a nemi dawo da kuɗin.

Daga baya, da muka isa Kusko muka zauna da jagoran da ya yi mana aiki na gaskiya, ya nuna mana cewa mai karɓar kuɗi ya ɓace shi ne mafi sauƙin ganewa. Waɗanda suka fi yawa su ne masu ba ka wani abu a madadin abin da ka biya. Tun daga Yunin 2024 an raba zagayen Machu Picchu gida uku masu hanyoyi goma, kuma tikitinka ne ke ƙayyade inda ƙafarka za ta taka. Zagaye na ɗaya yana kai mutum saman tudu ya hango garin amma ba ya shigar da shi cikinsa, na uku yana bi ta ƙasan garin, na biyu kuwa shi ne wanda yawancin baƙi ke nufi idan sun ce za su Machu Picchu, shi ya sa yake riga sauran ƙarewa. Dillali marar amana yakan rubuta maka “tikitin shiga” kawai ba tare da lambar zagaye ba, sai ka je ƙofa ka ga abin da aka saya maka. Wani yakan ce tafiyar ta haɗa da jirgin ƙasa, alhali abin da ya tanada shi ne bas ta sa'o'i shida zuwa bakwai daga Kusko zuwa tashar Hidroeléctrica, sannan tafiyar ƙafa ta kusan sa'o'i uku a gefen layin dogo, a wurin da jirgin PeruRail ko Inca Rail daga garin Ollantaytambo ke kai mutum Aguas Calientes, garin da ke gindin Machu Picchu, cikin ƙasa da sa'o'i biyu. Wani kuma yakan sayar maka da hanyar Salkantay ko ta Lares da sunan hanyar Inka. Hanyoyi ne masu kyau a karan kansu, sai dai ba sa buƙatar wancan izini mai wuyar samu, don haka bai kamata a biya musu kuɗinsa ba. Haka kuma tikitin haɗaka na Kusko, Boleto Turístico, wanda cikakkensa ke aiki kwana 10 a wurare 16 da suka haɗa da Pisac da Ollantaytambo da Moray da Sacsayhuamán, bai ƙunshi Machu Picchu ba, ko da wani ya rantse maka cewa ya ƙunsa.

Tsarin tafiyar da ɗan damfarar ya zana mana ma ya isa shaida, da mun karanta shi da idon basira. Ya sa mu sauka Kusko da yamma mu kama hawan dutse da asubar washegari. Kusko tana kan tsayin kimanin mita 3,400 daga teku, wato kusan ninki uku na tsayin Jos, kuma ciwon kai da tashin zuciya da ƙarancin numfashin da suke kira soroche ba sa duba ƙarfin mutum ko ƙuruciyarsa. Kamfanonin gaskiya da muka yi magana da su duka sun nemi mu ware kwana biyu na farko mu huta, ko mu gangara Kwarin Urubamba wanda ya fi Kusko ƙasa. Wanda ba ya da niyyar kai ka ko'ina ba ruwansa da numfashinka, shi ya sa jadawalinsa yake cike maƙil da duk abin da kunnenka ke son ji.

Ga wanda yake shirin irin wannan tafiya, binciken da ya kamata ya yi kafin ya fitar da ko kwabo ba zai ci masa fiye da yini guda ba. Ya fara duba shafin sayar da tikiti na Ma'aikatar Al'adu, tuboleto.cultura.pe, ya ga da idonsa ko ranar da yake so tana da gurbi, kuma ya san cewa farashin tikitin Machu Picchu ga baligi ɗan ƙasar waje ya kasance sol 152 na kuɗin Peru a 2024, domin ya iya auna abin da dillali ya ɗora. Ya nemi cikakken sunan rajistar kamfanin da lambar harajinsa mai alƙaluma 11 da ake kira RUC, ya gwada su a shafin hukumar haraji ta SUNAT, ya kuma tabbatar sunan da ke kan asusun da zai biya shi ne sunan da ke kan rajistar. Idan hanyar Inka ce, ya nemi shaidar lasisin kamfanin na shekarar da ake ciki, kuma bayan biya ya nace a turo masa takardar rajistar izinin mai nuna sunansa da lambar fasfonsa da ranar tafiya. Ofishin iPerú na gwamnati yana amsa tambayoyin baƙi kyauta, hukumar INDECOPI ce ke karɓar koken masu saye, kuma akwai 'yan sandan yawon buɗe ido a Kusko, sai dai dukansu sun fi amfani a kan kamfanin da ke da ofis da adireshi fiye da a kan lambar waya da ba a san mai ita ba. Mai fasfon Najeriya kuma ya sani cewa yana buƙatar biza kafin ya shiga Peru, kuma ofishin jakadanci ne ke bayar da ita, don haka dillalin da ya ce zai haɗa maka biza cikin kuɗin tafiya ya ƙara maka dalilin guje masa.

Mu dai tunda mun riga mun sayi tikitin jirgin sama, ba mu fasa ba. Hanyar Inka ta kuɓuce mana, bikin Inti Raymi kuma a tsaye muka kalli ɓangarensa na dandalin tsakiyar gari cikin turmutsitsin jama'a. Machu Picchu mun same shi ne ta tikiti 1,000 da ake sayarwa hannu da hannu kowace rana a Aguas Calientes domin shiga washegari, abin da ya sa muka kwana biyu a garin maimakon ɗaya, muka sadaukar da ranar da muka ware wa Pisac. A tafiyar kwana biyar, asarar yini guda ba ƙaramar asara ba ce, kuma ba na ba kowa shawarar ya dogara da layin sayen wannan tikiti a watan Yuni ko Yuli.

Makonni biyu da suka wuce wata sabuwar lamba ta turo wa ƙanena saƙo, da sunan wani kamfani dabam amma da hotunan nan dai na Ƙofar Rana, tana sanar da shi cewa wata tawaga ta fasa zuwa, akwai gurbi uku a watan Yuli, kuma tayin zai ƙare cikin sa'o'i 24.