Sabon rufi ko rabin kuɗinsa: inshorar gini iri biyu

Inshorar gini tana kare gangar jikin gida ne: bango, rufi, daɓe, ƙofofi da tagogi, har da bututun ruwa da wayoyin lantarkin da ke cikin bango. Sai dai ranar da gobara ko guguwa ta yi ɓarna, biyan ba iri ɗaya ba ne.

Akwai yarjejeniyar da ke biyan kuɗin sake gini. Iska ta yaye kwano, ruwa na zuba ta silin, katifa ta jiƙe sharkaf. Kamfani zai biya kuɗin sabon rufi irin wancan a farashin yau, bayan cire kason da aka amince mai gida zai ɗauka. Kuɗin zubinta na shekara ya fi tsada.

Ɗayar kuwa sai an cire tsufa. Rufin da aka ƙiyasta zai yi shekara 20, idan ya ci 10, kusan rabin kuɗinsa za a ba ka, ragowar daga aljihunka. Tana da araha, amma ni ta farkon nake ba mai tsohon gida shawara, domin kafinta ba zai yi maka ragi don rufinka ya tsufa ba.

A duka biyun, cin gara da lalacewar rashin gyara galibi ba a biyansu.