Waya, GPS ko Matsar Ganye: Me Za Ka Saya Don Rubuta Tsirran Dajinku?

In ka ƙudura tattara bayanin tsirran daji na ƙaramar hukumarku, kuma kuɗinka na abu ɗaya ne kawai, ni dai shawarata ka kai wa kafinta ya yi maka matsar ganye, wadda ake busar da tsirrai a cikinta.

Matsar ganye abu ne mai sauƙi: firam biyu na katako, tsawo santimita 45, faɗi 30, sai kwali, tsofaffin jaridu da igiyar ɗaurewa. Ka ce ya jera siraran katako da rata a tsakani don iska ta ratsa. Ka tsinko reshe mai fure ko 'ya'ya, ka shimfiɗa, ka matse. Da damina kullum sai an canza jarida, in ba haka ba ganyen ya yi funfuna. Abin da ya sa nake fifita ta shi ne busasshen samfuri shaida ce da za ka ɗauka zuwa ma'ajiyar tsirrai ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, a kwatanta, a tabbatar maka da suna. Haɗa da littafi mai bango mai kauri da fensir, domin rubutun biro yana iya ɓaci in ruwa ya taɓa shi. Rubuta wuri, rana, irin ƙasa, da sunan da makiyaya da mata masu tsinkar tafasa da yaɗiya suka ba ka. Gawo kuwa sai ka koma masa da rani, tunda da damina yake kaɗe ganye.

Manhajojin waya na Pl@ntNet da iNaturalist, masu gane tsiro daga hoto, kyauta ne, suna riƙe wuri da rana, suna gane tumfafiya nan take, amma kan ciyayi irin su harƙiya da gamba kada ka dogara da su. Na'urar GPS mai nuna wuri ɓarnar kuɗi ce, wayarka ta isa.

Gilashin ƙara girma mai ninki 10 ya wadatar. Da shi za ka ga farin gashin bayan ganyen magarya, wanda kurna ba ta da shi. Masu rubutun 30x ko 60x da ake sayarwa da arha yawanci roba ce, gefen hoton duk hazo. Gwada kan zanen yatsanka kafin ka biya.

Inda na fi jin zafi shi ne memori, wato katin ajiya na waya. Wani mai shago ya sayar mini da jabu, waya tana nuna 64GB, ashe cikinsa ɗan kaɗan ne, hotunan furannin damina guda suka ƙi buɗuwa. Kwalinsa tsaf, rubutu tsaf, ba ka ganewa da ido. Ka cika shi da bidiyo tun a ranar, ka buɗe na farko da na ƙarshe, kuma ka karɓi rasit. Haka kafinta ma, ka tsaya masa: ɗanyen katako yana lanƙwashewa da zarar ya bushe, matsar ta daina kamawa a tsakiya. Jaridar da mai ya taɓa kuwa kada ka karɓa ko kyauta ce, tana ɓata ganye tana kiran kiyashi.